Inshorar Lafiya da Kuɗin Asibiti a Amurka

Hausawa su kan ce, "Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke." Gaskiya ne. Amma ran da ciwo ya kama mutum, tambaya biyu ce ta ke tasowa. Ta fari, ina mai magani? Ta biyu, wa zai biya shi? Sau da yawa tambaya ta biyu ita ce ta ke hana mutum ya nemi amsar ta farko.

Wannan magana ta fito fili ƙwarai a Amurka. Baƙon da ya zo karatu ko koyarwa a jami'a, kamar yadda na zo, tun bai gama kwance kayansa ba za a tambaye shi takardar inshorar lafiya. In kuwa ya tafi ganin likita, kafin a tambaye shi inda ya ke masa ciwo sai an tambaye shi katinsa. Da fari abin ya ba ni mamaki. Daga baya na gane akwai abu uku da su ke haɗe a wannan sha'ani, kamar duwatsun murhu. Na ɗaya inshora, na biyu tsadar magani, na uku samun kai wa ga likita. In aka gusar da dutse ɗaya, tukunya sai ta karkace. Su ne zan bayyana a nan, ɗaya bayan ɗaya.

Mece ce inshora?

Kalmar inshora daga Turanci muka aro ta, amma abin da ta ke nufi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Wataƙila kun taɓa jin labarin adashi. Mutum goma su kan haɗu, kowa ya riƙa kawo kuɗi daidai da na ɗan'uwansa ran kasuwa ko ƙarshen wata. Wannan kuɗi shi a ke kira zubi, mai tara shi kuwa ita ce uwar adashi. Kowane zagaye sai mutum ɗaya ya kwashe duka, har layi ya zo kan kowa.

Inshora ta yi kama da adashi wajen zubi, amma sun bambanta wajen kwasa. A adashi kowa ya san ranarsa. A inshora ba mai rana, sai wanda wahala ta faɗa wa. Wanda ya shekara yana zubi bai kwashi ko anini ba, bai yi hasara ba, gama lafiya lau ya shekara, da hankalinsa kwance.

Ga misali. A ce mutum 1,000 suka yarda kowa ya zuba dala 100 a shekara. Abin da ya taru dala 100,000 ke nan. In mutum 10 daga cikinsu suka kwanta asibiti, jinyar kowane ɗaya ta ci dala 10,000, kuɗin da aka tara ya isa. Da kowa shi kaɗai zai biya, da waɗansu sun sayar da gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma akwai sharaɗi. Tilas ne masu lafiya su fi marasa lafiya yawa cikin masu zubi. In samari majiya ƙarfi suka ce su ba sa ciwo, suka janye, sai kuɗi ya kasa. In ya kasa sai a ƙara zubi. In aka ƙara zubi sai waɗansu masu lafiya kuma su janye, har ya zama ba wanda ya rage sai marasa lafiya. Kamfanonin inshora sun san wannan sarai. Saboda haka a da, shekara da shekaru, a Amurka su kan binciki mutum kafin su karɓe shi. In yana da ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko ya taɓa yin ciwon daji, sai su ƙi shi, ko su tsawwala masa zubi. Watau wanda ya fi kowa bukatar inshora shi ne ya fi shan wuyar samunta.

Yadda abin ya faro

Ƙasar Jamus ce ta fara yin dokar inshorar lafiya ta ƙasa, cikin 1883, zamanin Bismarck. Dokar ta tilasta wa ma'aikatan masana'antu su shiga asusun jinya, ma'aikaci ya zuba kashi biyu cikin uku, mai gidansa ya zuba kashi ɗaya. Amurka ba ta bi wannan hanya ba.

A Amurka da malaman makaranta aka fara. Cikin 1929 wani jami'in Jami'ar Baylor mai suna Justin Kimball, wanda ya taɓa shugabantar makarantun birnin Dalas a jihar Teksas, ya duba littattafan asibitin jami'ar, ya ga malamai da yawa sun kwanta sun kasa biya. Sai ya yi musu tayi: kowane malami ya ba da rabin dala a wata, in ciwo ya kama shi ya kwanta har kwana 21 a shekara ba biya. Malamai fiye da 1,000 suka shiga. Waɗansu asibitoci suka kwaikwaya, daga nan aka sami ƙungiyoyin da a ke kira Blue Cross. A lura, tun ran farko wannan shiri ya amfani ɓangare biyu. Malami ya sami gado, asibiti kuma ya tabbata za a biya shi.

Sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Cikin 1942 gwamnati ta hana ƙarin albashi don kada kaya su yi tsada. Ga shi kuwa samari sun tafi yaƙi, masana'antu suna neman ma'aikata ido rufe. Tun da ya ke ba su da ikon ƙara albashi, sai suka riƙa jawo mutane da inshorar lafiya. Cikin 1954 doka ta tabbatar cewa kuɗin da mai gida ya zuba wa ma'aikacinsa na inshora ba za a cire masa haraji ba. Daga nan inshora ta ɗaure da aiki tamau. Cikin 2023 fiye da rabin mutanen Amurka ta wurin aiki su ke samunta, nasu ko na miji ko mata ko iyaye.

Wannan hanya tana da aibu babba. Wanda ya rasa aikinsa ya kan rasa inshorarsa. Wanda ciwo ya kwantar har ya kasa aiki, sai ya rasa ta daidai lokacin da ya ke bukatarta. Tsofaffi da suka bar aiki, da talakawa masu aikin lada, su ma an bar su a baya.

Waɗanda gwamnati ta ɗauka

Cikin 1945 Shugaba Truman ya nemi Majalisa ta kafa inshora ɗaya ta ƙasa duka. Ƙungiyar likitocin Amurka ta tashi tsaye ta yaƙe shi, ta ce wannan gurguzu ne, maganar ta mutu. Sai bayan shekara 20 aka sami rabin abin da ya nema. Ran 30 ga Yuli 1965 Shugaba Johnson ya tafi garin su Truman a jihar Misuri, ya sa hannu a kan doka, aka ba Truman kati na farko.

Dokar ta kafa shiri biyu. Na ɗaya Medicare, na masu shekara 65 zuwa sama, gwamnatin tarayya ke riƙe da shi. Kafin zuwansa wajen rabin tsofaffin ƙasar ba su da inshorar asibiti. Na biyu Medicaid, na talakawa, tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, amma kowace jiha tana da ta cewa a kan wanda zai shiga. Cikin 2024 mutum fiye da miliyan 65 suna cikin Medicare, fiye da miliyan 70 kuma suna cikin Medicaid.

Wani abu ya faru a lokacin nan wanda ya nuna ƙarfin mai biya. A jihohin kudu asibitoci da yawa su kan ware baƙar fata da farar fata, waɗansu ma ba sa karɓar baƙar fata sam. Da za a fara biyan kuɗin Medicare cikin 1966, sai gwamnati ta ce asibitin da ya ke wariya ba zai ga ko dala ɗaya ba. Cikin 'yan watanni asibitoci suka cire allunan wariya, suka haɗa ɗakunan jinya. Abin da aka daɗe ana roƙo, kuɗi ya yi shi cikin watanni.

Cikin 1986 aka ƙara wata doka. Duk asibitin da ya ke karɓar kuɗin Medicare, in aka kawo masa mutum a sashen gaggawa, tilas ya duba shi, ya yi masa abin da zai tsai da haɗarin, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Wannan doka ta ceci rayuka. Amma ba ta ce kyauta ba ne, gama takardar biya tana biyo mutum har gida. Kuma ba ta shafi ciwon da ya ke bukatar jinya ta wata da watanni ba. Mai ciwon sukari in ya suma za a farfaɗo da shi, amma dokar ba ta ba shi maganin da zai hana shi sake suma ba.

Yadda a ke raba biya

Kada mai karatu ya zaci wanda ya ke da kati ya huta da biya. Biyan yana da hawa huɗu.

Na fari shi ne zubi na kowane wata. Cikin 2024 matsakaicin zubin iyali guda ta wurin aiki ya kai wajen dala 25,500 a shekara. Ma'aikaci ya kan biya wajen dala 6,300 daga albashinsa, mai gida ya biya sauran. Amma masana tattalin arziki sun ce kason mai gidan ma daga jikin ma'aikaci ya ke fita, domin kuɗi ne da da sai a ƙara masa a albashi.

Na biyu shi ne kuɗin da mutum zai fara biya daga aljihunsa kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu. Mu kira shi kuɗin fari. Na uku shi ne kason da zai ci gaba da biya bayan kamfani ya shigo, alal misali kashi 20 cikin 100. Na huɗu kuwa iyaka ce. In abin da ya biya a shekara ya kai wani adadi, sai kamfani ya ɗauki sauran duka.

Ga misali da lissafi, adadin nawa ne na ƙaga don bayani. A ce mutum biyu suka karye a ƙafa, aka yi musu aiki iri ɗaya. Farashin da asibiti ya rubuta a littafinsa dala 30,000 ne. Na farko yana da inshora. Kamfaninsa ya riga ya yi ciniki da asibitin, an daidaita a kan dala 12,000. Shi zai biya kuɗin fari, dala 2,000, sa'an nan kashi 20 cikin 100 na dala 10,000 da ta rage, watau wata dala 2,000. Nasa ya zama dala 4,000, na kamfani dala 8,000. Na biyu ba shi da inshora, ba kuma wanda ya yi ciniki dominsa. Takardar dala 30,000 za a aika masa, sai in ya je ya roƙi ragi. Ga shi shi ne ya fi talauci, ga shi shi aka yanka wa farashi mafi tsada.

Akwai kuma wani tarko. Kowane kamfani yana da jerin likitoci da asibitocin da ya yi ciniki da su. In mutum ya je wurin wanda ba ya cikin jerin, kamfani ya kan biya kaɗan, ko ya ƙi biya. A da mutum ya kan je asibitin da ke cikin jerin, ashe likitan da ya sa shi barci kafin tiyata ba ya ciki, sai daga baya ya ga takarda ta dabam. An yi dokar hana irin wannan, ta fara aiki cikin Janairu 2022.

Me ya sa magani ya yi tsada haka?

Cikin 1960, daga kowace dala 100 ta arzikin da Amurka ta samar a shekara, dala 5 ce ta tafi wajen kiwon lafiya. Cikin 2023 ta wuce dala 17. Jimlar kuɗin a wannan shekara ta kai wajen dala biliyan 4,900, watau kamar dala 14,500 a kan kowane mutum. Ba ƙasar da ta kai haka a duniya.

Wani zai ce ai don sun fi kowa zuwa asibiti ne. Ba haka ba ne. Mutanen Jamus da na Japan sun fi mutanen Amurka yawan ganin likita a shekara. Babban dalili shi ne farashi. Aiki iri ɗaya, magani iri ɗaya, kuɗinsa a Amurka ya fi na sauran ƙasashe nesa ba kusa ba.

A kasuwa mai saye ya kan taya, in bai yi masa ba ya ƙara gaba. Amma wanda aka ɗauko cikin motar asibiti ba ya taya, ba ya kuma ƙara gaba. Sau da yawa ma bai san farashi ba sai an gama aiki. Bayan wannan, mai shan magani dabam, mai rubuta shi dabam, mai biya dabam. In likita a kan yawan aikin da ya yi a ke biyansa, kuma ya san kamfani ne zai biya, ba abin da zai sa ya yi tsimi. A nan inshora da kanta ta kan taimaka wajen hawan farashi.

Har wa yau, masu biya suna da yawa, kowa da nasa ciniki da nasa takardu. Asibiti ya kan ɗauki ma'aikata masu yawa waɗanda ba su taɓa mara lafiya, aikinsu rubuta takardun neman biya da jayayya da kamfanoni. Albashinsu duka cikin kuɗin magani ya ke. Kuma a garuruwa da yawa asibitoci sun haɗe ƙarƙashin mai shi ɗaya, saboda haka kamfanin inshora ba shi da wani wurin da zai juya in an tsawwala masa.

Labarin insulin, maganin ciwon sukari, ya isa misali. A birnin Toronto na Kanada aka gano shi cikin 1921. Cikin 1923 waɗanda suka gano shi suka sayar wa jami'ar garin haƙƙinsa a kan dala ɗaya kowannensu, don kowa ya samu. Duk da haka, a Amurka kwalbar wani irin insulin na zamani da a ke sayarwa dala 21 cikin 1996 ta kai wajen dala 275 cikin 2017. Waɗansu marasa inshora, da masu kuɗin fari mai yawa, suka riƙa rage allurar don ta kai su ƙarshen wata, har aka rasa rayuka. Cikin 2022 aka yi doka cewa wanda ke cikin Medicare ba zai biya fiye da dala 35 a wata ba don insulin. Dokar nan kuma ta ba Medicare ikon yin ciniki da masu yin magani a kan waɗansu magunguna, abin da wata doka ta 2003 ta hana shi.

Biya daga aljihu yana hana zuwa asibiti?

An gwada wannan, ba zato a ke yi ba. Tsakanin 1974 da 1982 wata cibiyar bincike mai suna RAND ta ɗauki iyalai wajen 2,750, ta raba su da ƙuri'a. Waɗansu aka ba su jinya kyauta, waɗansu suka biya kashi 25 cikin 100, waɗansu 50, waɗansu 95, har zuwa wata iyaka. Sai aka ga masu biya mafi yawa sun rage jinyar da su ke nema da wajen kashi 30 cikin 100 bisa ga masu samu kyauta. Ga yawancin mutane wannan ragi bai taɓa lafiyarsu ba. Amma an lura da abu biyu. Na ɗaya, mutane ba su iya rarrabe zuwan da ya ke da amfani da wanda ba shi da shi ba, duka suka rage. Na biyu, talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi inda jinya ta ke kyauta.

Gwaji na biyu a jihar Oregon ya faru, cikin 2008. Jihar tana da kuɗin da za ta ƙara talakawa 10,000 kaɗai cikin Medicaid, ga shi mutum kusan 90,000 sun sa suna. Sai aka yi ƙuri'a. Masu bincike suka bi waɗanda suka ci da waɗanda ba su ci ba har shekara biyu. Waɗanda suka sami kati sun fi zuwa wurin likita, sun fi shan magani, an fi gano ciwon sukari a jikinsu, bashin asibiti ya ragu, ciwon damuwa ma ya ragu. Zuwansu sashen gaggawa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Awon hawan jini da na kitsen jini kuwa bai nuna bambancin a zo a gani ba cikin shekara biyun nan. Daga baya wani bincike mai faɗi a kan jihohin da suka faɗaɗa Medicaid ya nuna mutuwa ta ragu cikin talakawa masu shekara 55 zuwa 64.

Abin da za mu koya a nan shi ne, inshora tana tsare aljihu nan da nan, tana kuma sa mutum ya je wurin likita da wuri. Amfaninta ga jiki kuwa a hankali ya ke bayyana. Mu kan ce rigakafi ya fi magani, amma wanda ya ke tsoron takardar biya ba ya zuwa awo sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Kati kuma ba ya aiki inda babu likita. Medicaid ya kan biya likitoci ƙasa da abin da kamfanoni ke biya, saboda haka waɗansu likitoci ba sa karɓar sababbin masu wannan kati. Tsakanin 2010 da 2020 asibitocin ƙauye fiye da 100 suka rufe a Amurka, yawancinsu a jihohin kudu. Mace mai naƙuda da ke zaune nesa da asibiti, katin da ke jakarta ba zai rage mata nisan hanya ba.

Dokar 2010

Ran 23 ga Maris 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a kan doka mafi girma a wannan sha'ani tun 1965. Ta hana kamfanoni su ƙi mutum ko su ƙara masa zubi saboda tsohon ciwo, tun daga 2014. Ta bar yaro cikin inshorar iyayensa har ya kai shekara 26. Ta taimaki masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin zubi. Ta kuma sa tara a kan wanda ya ƙi shiga, don masu lafiya su zauna cikin asusu, ko da ya ke an soke tarar daga 2019. Ta nemi jihohi duka su faɗaɗa Medicaid, amma cikin 2012 Kotun Ƙoli ta ce kowace jiha tana da zaɓi. Zuwa 2024 jihohi 40 sun faɗaɗa, 10 ba su yi ba, cikinsu har da Teksas, inda labarin malaman nan ya faro.

Cikin 2010 wajen mutum 16 cikin 100 ba su da inshora. Cikin 2023 sun koma wajen 8 cikin 100, watau mutum miliyan 26. Ci gaba ne babba. Amma dokar ta fi ƙarfi wajen shigar da mutane, ba ta taɓa farashi sosai ba. Saboda haka zubi da kuɗin fari suka ci gaba da hawa, har aka sami masu kati waɗanda su ke gudun asibiti kamar marasa kati. Maganar kuma ba ta ƙare ba. Cikin Yuli 2025 aka yi wata doka da ta rage kuɗin Medicaid, ofishin lissafi na Majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara marasa inshora da wajen miliyan 10 zuwa 2034.

Waɗansu hanyoyi

Birtaniya ta bi wata hanya dabam. Ran 5 ga Yuli 1948, ƙarƙashin Ministan Lafiya Aneurin Bevan, ta buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, wadda a ke biya da haraji. Mutum ya kan ga likita ya kwanta asibiti ba a aika masa takardar biya. Tun da mai biya ɗaya ne, yana da ƙarfin taya farashi. Cikin 2023 ƙasar ta kashe wajen kashi 11 cikin 100 na arzikinta a kan lafiya, mutanenta kuma sun fi na Amurka tsawon rai da shekara biyu zuwa uku, ko da ya ke bindiga da haɗarin mota da miyagun ƙwayoyi suna da hannu cikin wannan bambanci. Amma ita ma tana da nata ciwon kai. Cikin 2023 mutum fiye da miliyan 6 a Ingila suna layin jiran jinyar asibiti. A Amurka kuɗi ke tsai da mutum, a Ingila layi.

Ku da za ku tafi ƙasar Hausa za ku tarar da hanya ta uku. A Nijeriya an yi dokar inshorar lafiya cikin 1999, aka fara aiki da ita cikin 2005 da ma'aikatan gwamnatin tarayya, cikin 2022 kuma sabuwar doka ta wajabta ta a kan kowa. Duk da haka mafi yawan kuɗin jinya daga aljihun mutane ya ke fita. Manomi da ɗan kasuwa ba su da albashin da za a cire zubi daga ciki. In aka ce za a yi wa mutum aiki, sai 'yan'uwa da maƙwabta da abokan sana'a su haɗa gudummawa. Zumunci ne ya ke yin aikin inshora. Yana da kyau, amma asusun ƙarami ne, ciwo babba ɗaya ya kan cinye shi, har a sayar da gona ko shanu.

To, mun ga duwatsun nan uku. Inshora tana raba nauyi, in dai masu zubi suna da yawa kuma ba a ware marasa lafiya ba. Amma in ba a tsare farashi ba, zubi ya kan hau har ya kori waɗanda aka yi abin dominsu. In kuwa babu likita kusa, kati takarda ce kawai. Saboda haka in kun ji ana yabon tsarin wata ƙasa ko ana kushe shi, ku yi tambaya uku. Wa ke cikin asusu, wa aka bari a waje? Nawa mutum zai fitar daga aljihunsa ran da ya kwanta? In ya tashi neman likita, kwana nawa zai jira, mil nawa zai yi? Amsar waɗannan ita za ta nuna muku ko talakan ƙasar yana zuwa asibiti tun ciwo yana ƙarami, ko kuwa sai an ɗauke shi ranga-ranga. Allah ya ba mu lafiya.